Abin da Yaro Ke Koyo a Ajin Farko na Makarantar Firamare

Iyaye da yawa sukan bi ta bakin makarantar firamare da hantsi, su hangi 'yan aji ɗaya a gindin bishiya suna jera tsakuwa, ko suna cuɗa yumɓu, ko suna tafi da waƙa, sai su ɗauka wasa ne kurum. Wanda ya ɗauka haka kuwa ba ya jin komai in ya tsare yaronsa a gida mako biyu ko uku don aikin gona ko talla. An shirya wannan bayani ne domin jama'a su san abin da ake yi a waɗannan azuzuwa, da dalilin da ya sa ake yinsa haka.

A watan Satumba na shekarar 1976 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. An yi tsammanin yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a shekarar, sai ga kusan miliyan 3 sun hallara. A shekarar 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, kana dokar shekarar 2004 ta wajabta wa iyaye su sa 'ya'yansu makaranta har shekara tara, watau shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Amma rubuta sunan yaro a rajista abu ne mai sauƙi. Zuwansa aji kullum shi ne wuyar aikin.

Yadda yini ke tafiya

Yaro yakan shiga aji ɗaya yana da shekara shida. A da, inda babu takardar haihuwa, akan sa shi ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓo kunnensa na ɗaya ɓangaren. In hannun ya kai, a ce ya isa. Da an kaɗa ƙararrawa yara sukan yi layi, a duba farce da haƙora da tufafi, a kira suna, sa'an nan a shiga aji. Darasi ba ya wuce kimanin rabin sa'a, domin hankalin ɗan shekara shida ba ya daɗewa kan abu guda. Shi ya sa malami ƙwararre yakan sa waƙa ko motsa jiki tsakanin darasi da darasi.

Kafin a ba yaro fensir, sai hannunsa ya faɗa. Zane a ƙasa da ɗan yatsa, da murza yumɓu, da shiga zare cikin ƙwallayen da aka huda, duka suna ƙarfafa yatsun da za su riƙe alƙalami ne. Daga nan a koya masa wasula biyar, a haɗa su da baƙaƙe su zama gaɓoɓi, kamar ba, bi, bu, gaɓoɓi kuma su zama kalmomi. A nan ne ake koya wa mai karatun Hausa ya bambanta k da ƙ, don kada ya karanta baki inda aka rubuta baƙi, ko kafa inda aka rubuta ƙafa.

Manufar Ilmi ta Ƙasa da aka fitar a shekarar 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin suka fi ji, a shigo da Turanci daga baya. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife tun daga shekarar 1970, inda aka koyar da wasu yara da Yarabanci har shekara shida, ya nuna ba su kasa takwarorinsu ba, har a Turancin kansa.

Tsakuwar nan da ake gani kuwa lissafi ce. Yaron da ya haddace ɗaya zuwa ɗari da ka bai san lissafi ba tukuna, sai ranar da aka ce ya ɗebo bakwai ya ɗebo bakwai. Malami yakan sa a kawo tsinke ko guntayen kara, a ƙirga goma a ɗaure, a ƙirga wasu goma a ɗaure. Da yaro ya ga ɗauri biyu da tsinke uku a gefe, ya gane abin da 23 ke nufi, ya kuma gane dalilin da ya sa ta bambanta da 32. Duk tarawa da ɗebewa da zai yi nan gaba, har da aron goma da ke wahalar da 'yan aji uku, a kan wannan ɗauri suke tsaye.

Aji yana bin yanayin shekara

Shekarar karatu zango uku ce, tana farawa a watan Satumba. A Arewa wannan ya yi daidai da ƙarshen damina da shigowar kaka, lokacin da kayan koyarwa suke zube ko'ina ba da kuɗi ba. Yara sukan kawo zangarniyar gero da ta dawa, da kwanson gyaɗa, da wake, a ware su iri-iri, a auna da gwangwani a ga gwangwani nawa ke cika kwano. Da karan dawa suke ƙera mota da gado da tabarau, kuma yaron da ya yanka kara huɗu tsawo ɗaya don ƙafafun gado ya fara awo ke nan, ko da bai san sunan abin ba.

Sai dai a wannan lokaci ne kuma aka fi rasa yara a aji. Girbi da roron gyaɗa da tsinkar wake ba sa jira, kowane gida yana neman hannu. Ba wanda zai ce wannan ba hujja ba ce. Amma watannin Oktoba da Nuwamba su ne ake koya wa 'yan aji ɗaya wasula da baƙaƙe da ƙirga na farko. Yaron da ya yi fashin mako uku zai komo ya tarar 'yan'uwansa sun fara haɗa gaɓoɓi alhali shi bai gama sanin haruffa ba. Malami mai yara arba'in ko fiye ba shi da halin komawa baya saboda mutum ɗaya. Sai yaron ya koma ƙarshen aji ya yi shiru, a fara ce masa daƙiƙi, ba da daɗewa ba shi ma ya yarda. Yawancin makarantu ana tashin ƙananan azuzuwa wajen azahar, ga kuma Asabar da Lahadi. Aikin da ya dace da ƙarfin ɗan shekara shida ba zai fi ƙarfin waɗannan lokuta ba.

Da hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, malami yakan fitar da aji hantsi saboda sanyi. A jikin bango akwai jadawalin yanayi, inda kullum yaro guda zai zana rana ko hazo ko gajimare, a ƙarshen wata a ƙirga. Akan jiƙa ƙyalle biyu, a shanya ɗaya a iska, a ajiye ɗaya a lungu, a ga wanda zai riga bushewa. Akan kuma kai su su dubi kuka da gawo: kuka ta kaɗe ganye da rani, gawo kuwa a lokacin ne yake kore shar, sai damina ta zo ya zubar. Da bazara, sa'ad da ƙyanda da sanƙarau suka fi yaɗuwa, darasin tsabta da shan ruwa da buɗe tagogi ya fi yawa, kuma ya kamata iyaye su tabbata an yi wa yara allurar rigakafi.

Zango na uku, daga Afrilu zuwa Yuli, shi ne na shuka. Ganin shamuwa ya ishi malami buɗe darasi. Akan shuka wake a gwangwani uku: ɗaya a ba shi ruwa a sa a taga, ɗaya a hana shi ruwa, ɗaya a ba shi ruwa a rufe a cikin akwati. Cikin mako guda yara za su ga na farko ya tsiro kore, na biyu bai motsa ba, na uku ya yi tsawo amma fari fat, ba ƙarfi. Ɗan manomi ya san shuka tun yana goye. Abin da makaranta ta ƙara masa shi ne ya gwada, ya auna da tsinke kullum, ya rubuta abin da ya gani. Haka nan akan ɗebo ruwan kwatami a kwalba a nuna musu 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil, su san inda zazzaɓin cizon sauro ke fitowa. A cikin wannan zango ne ake bikin Ranar Yara, ran 27 ga Mayu.

Hausawa mazauna Agege ko Sabon Ibadan ko Fatakwal za su ga jerin ya ɗan sauya, domin a Kudu ruwa yakan sauka tun Maris ko Afrilu, kuma doya da rogo da kwakwar manja ne yara za su kawo aji maimakon gero. Darasin dai ɗaya ne.

Iyalin da za su tashi cin rani ko su sauya gari a tsakiyar shekara, ya kamata uba ya je wurin hedimasta kafin tafiya ya karɓi takardar canjin makaranta, wadda ta nuna ajin yaron, ya kai ta makarantar da ta fi kusa da masaukinsu cikin makon da suka isa. Yaron da aka kai ba takarda, sau da yawa akan maishe shi ajin da ya riga ya wuce.