Sabis ya cika waya, kuɗi sun ƙi tafiya: Hanyar da saƙo ke bi daga Kanya Babba

Duk ɗan kasuwar da ke zuwa sarin hatsi Kanya Babba, a Ƙaramar Hukumar Babura ta Jihar Jigawa, ya san wannan hali: alamar sabis ta cika fuskar waya, amma na'urar POS tana ta juyawa, mai kaya yana jiran alat, direba yana jiran lodi. Abin da alamar ke nunawa shi ne ƙarfin haɗin da ke tsakanin waya da ƙarfen sabis mafi kusa, wanda zangon farko ne kawai na doguwar tafiya.

Hanyar da saƙo ke bi gauraye take. Daga waya zuwa ƙarfen sabis ta iska yake tafiya, a kan 2G ko 3G ko 4G. A karkara, sau da yawa wayar faiba ba ta isa gindin ƙarfen ba, sai farantin nan mai kama da ganga da ke maƙale a jikinsa ya harba saƙon zuwa wani ƙarfen. Dole farantan biyu su riƙa hangen juna, shi ya sa duwatsun Kazaure da Roni ke shiga lissafin injiniyoyi. Daga nan saƙon ya faɗa faiba, ya nufi Kano, ya wuce cibiyar banki ko Legas, inda wayoyin ƙarƙashin teku ke fitowa. Inda duk wannan ya gagara, sai a koma ga tauraron ɗan'adam.

Kafin ya tashi, ana yanka saƙon zuwa ƙananan ƙulli, kowanne da adireshinsa. A kowace mararraba akwai na'urar da ake kira rauta, wadda ke duba hanyoyin da ke gabanta ta zaɓi ɗaya bisa yawan zango da faɗin hanya da kuma ko hanyar tana aiki. Gajeriyar hanya mai cunkoso takan fi doguwar da babu kowa ɓata lokaci.

Ana auna ingancin sabis da abubuwa huɗu: faɗin hanya, jinkiri, daidaiton isowar ƙulli, da yawan waɗanda suka ɓace. Kowane irin saƙo da abin da ya fi damunsa. Murya ba ta jure jinkiri. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ba da shawarar kada ya wuce kashi 150 cikin 1,000 na daƙiƙa daga mai magana zuwa mai sauraro. Tauraron da ke nisan kusan kilomita 36,000 ya wuce wannan iyaka a hawa da sauka kaɗai, saɓanin na Starlink, wanda ya shigo Najeriya a 2023, da ke shawagi kusa da doron ƙasa. Bidiyo yana cin hanya da yawa, amma yana iya jira. Saƙon POS ɗan ƙanƙani ne, sai dai idan amsar banki ba ta dawo a kan lokaci ba, za a iya cire kuɗin mai saye alhali na'urar ta ce ciniki bai yiwu ba.

Saboda haka kamfanoni ke jera saƙonni a layi, murya a gaba, sauran data a baya. Ranar kasuwa, idan jama'a suka yi wa ƙarfe ɗaya yawa, na bayan layi ne ke shan wahala.

Babban haɗari shi ne dogaro da hanya ɗaya. Idan aka jera ƙarafa kamar carbi, na tsakiya ya rasa dizal, duk na bayansa sun mutu. Maganinsa a haɗa su kamar zobe, saƙo ya samu ta inda zai zagaya. A ranar 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka tsinke a gaɓar Yammacin Afirka, bankuna da dama suka shiga matsala har sai da aka karkatar da saƙonni zuwa wayoyin da suka tsira. A shekarar ce Shugaba Bola Tinubu ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta haramta lalatawa.

Ɗan kasuwa ma yana iya tanadar wa kansa hanya ta biyu. Layuka biyu na kamfanoni daban suna taimakawa, ko da yake kamfanoni sukan yi hayar ƙarfe ɗaya, kuma idan wutarsa ta ɗauke duk su tafi tare. Lambobin banki masu farawa da tauraro ba sa buƙatar data, don haka sukan yi aiki lokacin da manhaja ta tsaya. Idan an cire kuɗi, a riƙe rasit a tuntuɓi banki. Idan kuma sabis ne ya daɗe da lalacewa, a fara kai ƙorafi ga kamfanin layin, in bai gyara ba a kira Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, a lambar 622 kyauta.