Kalmomin Leƙen Tumbi da Hanji a Hausa

A 1853 lokotoro Désormeaux na Faransa ya gabatar da kalmar endoscope, daga Girkanci: endon, ciki, skopein, dubawa. A 1957 Hirschowitz ya ƙera bututu mai lanƙwasuwa, irin wanda ake zurawa ta baki ko ta dubura.

Wuyar fassarar tana ga kalmar "ciki". "Awon ciki" tuni ya zama na mata masu juna biyu, "hoto" kuwa na awon radiyo ne. Saboda haka ya kyautu a ambaci wurin da ake dubawa: gastroscopie, leƙen tumbi, coloscopie, leƙen babban hanji. Rarrabewar tana tsare majinyaci daga kuskuren shiri: leƙen tumbi yana bukatar barin abinci aƙalla awa 6, na hanji kuwa sai an sha maganin wanke hanji.