Gansakukar Tafkin Cadi Cikin Robar Magani

Mai bin tallar "ƙarin gina jiki" a WhatsApp ko a shagunan magani na birnin Sakkwato ba zai rasa cin karo da wasu korayen ƙwayoyi da ake kira spirulina ba. Galibi 'ya'ya ke saya wa iyaye, da fatan gwiwar Baba ta saki, Inna ta daina kukan kasala. Kaɗan ne suka san cewa gansakuka suke saya, kuma maƙwabtanmu sun daɗe suna cin ta.

A yankin Kanem na ƙasar Cadi akwai ƙananan tafkuna masu kanwa, inda wannan halitta ke yaɗuwa don tana son ruwan kanwa da rana mai zafi. Matan Kanembu kan yaɗe koren da ke saman ruwa, su juye shi a ramin da suka fafe cikin rairayi. Yashi ya tsotse ruwan, rana ta ƙarasa aikin, sai su yayyanka shi su kai kasuwa. Sunansa dihe, miya ake yi da shi a ci da tuwon gero. Wani masanin tsirrai ɗan Faransa, Pierre Dangeard, ya yi rubutu a kansa a 1940, amma sai da Jean Léonard na Beljiyam ya sake ganin sa a kasuwa wajen 1964 masana suka waiwayo.

Abin da ya ruɗe su shi ne furotin, sinadarin gina tsoka: kusan kashi 60 cikin 100 na busasshiyar spirulina furotin ne, ga kuma sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Tsoho kuwa tsoka ce ke fara zube masa, har tashi daga tabarma ya zama aiki.

To amma a yi lissafi. Mai shan giram 3 a rana bai samu ko giram 2 na furotin ba, alhali ƙwai guda na ba da kusan 6. Dattijo mai kilo 60 yana buƙatar wajen giram 60 kullum. Kuɗin roba ɗaya, in aka kai shi babbar kasuwa, wake nawa zai auno, ƙwai nawa, nono nawa? A ganina wannan ce tambayar da masu talla ba sa son a yi.

Ba wai babu amfani ba. A wani gwaji da aka wallafa a 2008, an nazarci tsofaffi 78 a Koriya ta Kudu, inda wasunsu suka sha giram 8 kullum na mako 16, aka ga kitsen jini ya ɗan sauka. Irin waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, gajeru, kuma babu wanda ya nuna tana tsawaita rai ko hana ruɗewar tsufa. Bitamin B12 da ake rubutawa a jikin roba ma, mafi yawansa nau'in da jikin mutum ba ya iya amfani da shi ne.

Sai batun tsabta. Ba kowane kore ne abinci ba. Wasu 'yan uwanta da ke rufe kududdufai suna fitar da guba mai lalata hanta, kuma in ruwan noman ya gurɓata, dalma na iya biyo ta. Lambar NAFDAC wajibi ce a duba, sai dai ba shaida ba ce cewa abu na warkar da duk cutar da mai talla ya lissafa.

Wanda ke shan warfarin, maganin tsinka jini, ya yi hattara da chlorella, wata gansakuka da ake sayarwa kamar spirulina, don tana da bitamin K mai rage ƙarfin maganin. Haka mai ciwon ƙoda. Ranar da za a kai Baba ganin likita a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a sa robar cikin ledar magungunansa, likita ya karanta da idonsa.