Neman Lauya Kan Tuhumar Miyagun Ƙwayoyi

Wanda jami'an NDLEA suka kama da hodar iblis, a Babbar Kotun Tarayya zai gurfana, kuma doka ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25. Iyalai da yawa sukan ɓata kwanakin farko wajen kamun ƙafa, alhali kuwa a lokacin ne ake rubuta jawabin da zai ɗaure ɗan'uwansu. Tsarin mulkin 1999 ya ba shi ikon yin shiru har ya ga lauya. Lauyan da ya saba da wannan kotu ya kamata a nema, domin shi zai bi diddigin yadda aka auna kayan da sakamakon gwajinsu. Marar hali ya tuntuɓi Hukumar Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976.