Agom Adara Maiwada Galadima: Uban Da Ya Tafi Jaje Bai Komo Gida Ba

Ran Jumma'a 19 ga watan Oktoba, 2018, Mai Martaba Agom Adara, Dokta Maiwada Raphael Galadima, ya kama hanyar komawa fadarsa ta Kachia, bayan ya fito saboda tarzomar da ta ɓarke a Kasuwan Magani kwana ɗaya kafin nan. Gwamnan Jihar Kaduna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya ziyarci garin a wannan rana, kuma Agom yana cikin sarakunan da aka nema don a yi wa jama'a jaje, a kuma kwantar musu da hankali. Da ayarinsa ya kai wajen ƙauyen Maikyali a kan hanyar Kaduna zuwa Kachia, sai 'yan bindiga suka tare shi. Nan take suka kashe mutum huɗu daga cikin 'yan rakiyarsa, har da ɗan sandan da ke tsaron lafiyarsa, sa'an nan suka shige daji da shi da mai ɗakinsa, Uwargida Victoria.

Bayan kwana biyu suka sako uwargidan. Shi kuwa, ko da yake an kai musu kuɗin fansa, ba su sake shi da rai ba. Ran Jumma'a ta gaba, watau 26 ga wata, aka tsinci gawarsa a wajen Kateri, kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. An haife shi a 1954, ya kuma yi sama da shekara goma a kan gadon sarauta. Shi ne na uku da ya riƙe wannan sarauta, sarki ne kuma mai daraja ta ɗaya.

GARIN DA KASUWA TA HAIFA

Mai karatu wanda bai san wannan yanki ba yana bukatar ya san wurin tukuna. Idan mutum ya fita Kaduna ta kudu maso gabas, ya wuce Kujama, zai iske Kasuwan Magani cikin Ƙaramar Hukumar Kajuru. Daga nan hanya ta miƙa ta Kufana da Idon har Kachia, ta zarce Zonkwa da Kafanchan. Garin ya ci sunansa daga kasuwarsa, wadda ke ci kowace Alhamis. Manoman Adara, waɗanda Hausawa suka saba kira Kadara, su ke kawo masara da dawa da doya da citta, Fulani su kawo dabbobi da nono, fataken Hausawa kuma su zo da kuɗi da motoci daga Kaduna da Zariya da Kano. Kowa a cikinsu yana bukatar ɗan'uwansa, kuma da Hausa ake cinikin duka.

Amma fa wannan cuɗanya ba ta hana husuma ba. Masu bin tarihin rikice-rikicen Jihar Kaduna sukan fara lissafi ne daga rigimar gona da aka yi a Kasuwan Magani a 1980, kafin ta Kafanchan a 1987 da ta Zangon Kataf a 1992. A watan Fabrairu na 2018 an sake yin wata, aka yi hasarar rayuka, aka ƙone gidaje da rumfuna masu yawa. Ba a gama gyara ɓarnar ba sai ga ta 18 ga Oktoba, ranar kasuwa. Rahotannin farko sun ce gardama ce tsakanin matasa masu tura baro ta rikiɗe ta zama faɗan addini da ƙabila. Rundunar 'yan sanda ta ce mutum 55 suka mutu. Ran Lahadi 21 ga wata wutar ta tsallaka cikin birnin Kaduna, har gwamnati ta sa dokar hana fita dare da rana.

Wannan ita ce wutar da aka kira Agom ya taimaka a kashe. A ƙasarmu, idan abu ya ɓaci tsakanin jama'a, soja da ɗan sanda suna iya raba faɗa, amma ba su ne ke zaunar da mutane a tabarma ɗaya ba. Wannan aikin sarki ne da dattawa. Saboda haka fitowarsa a ranar nan ba wata bajinta ba ce ta musamman. Aikinsa ne ya fito yi, irin wanda kowane uban ƙasa yake yi idan 'ya'yansa sun yi wa juna rauni.

ABIN DA AKE NUFI DA UBA

Idan talaka ya kira sarkinsa uba, ba daɗin baki ba ne kawai. A ƙauyukan Kachia da Kajuru, kamar a sauran wurare, fada ita ce inda ake kai ƙarar iyakar gona, da ɓarnar shanu, da rikicin aure da ya fi ƙarfin dangi. Wanda ba shi da kuɗin lauya, ba ya jin Turancin kotu, ya san dai akwai ƙofar da zai durƙusa a saurare shi da harshensa. Ga Adara kuma akwai wani abu a kan wannan. Shekaru da yawa ƙasarsu tana ƙarƙashin hakimai masu amsa umarni daga Zariya, kuma samun masarauta tasu ta kansu yana cikin sauye-sauyen da gwamnatocin jihar suka yi wa kudancin Kaduna tun daga shekarun 1990. Don haka duk wanda ya hau gadon Agom, ba shari'a kaɗai yake yi musu ba, shi ne shaidar cewa an san da zamansu.

Abin lura ne kuma cewa sunayensa biyu, Maiwada da Galadima, duka na Hausa ne, na tsakiya kuwa sunan baftisma ne na ɗan Katolika. Mutum ɗaya ke nan ɗauke da tarihin yankin gaba ɗaya a cikin sunansa. Cikin waɗanda ke zaune a ƙasarsa akwai Hausawa da Fulani Musulmi, da Bajju da Jaba da sauran ƙabilu, kuma da labarin kisan ya fito, gwamnatin jihar da kanta ta bayyana shi a matsayin mutum mai son zaman lafiya, Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari kuma ya yi tir da abin.

MAKOKI A BAYAN ƘOFA

A yawancin ƙabilun kudancin Kaduna, mutuwar tsoho ba kuka ba ce zalla. Idan dattijo ya cika a kan gadonsa, ya bar 'ya'ya da jikoki, ana yi masa kuka da farko, amma daga baya sai kiɗa da rawa su biyo, jikoki su shiga zolaya suna kwaikwayon tafiyarsa da maganarsa, a dafa abinci a ci, don an ɗauka ya gama aikinsa ya tafi hutawa. Zuwan addinin Kirista bai kawar da wannan ba, ya dai sake masa kama. Yanzu 'yan Zumuntar Mata ne ke zuwa da ankonsu da tulunansu na kiɗa, a kwana a tsakar gida ana rera waƙoƙin coci da Hausa har gari ya waye. Maƙwabtansu Musulmi kuwa sukan binne mamaci a ranar, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kwana uku ana karɓar gaisuwa, wasu su yi sadakar bakwai da ta arba'in. Hanyoyin sun bambanta, amma tushensu ɗaya ne: ba a barin wanda aka yi wa rasuwa ya zauna shi kaɗai. Kuma a garuruwa irin Kachia, Musulmi yakan je gaisuwa gidan Kirista, Kirista ya je gidan Musulmi, ba wanda ke ganin abin baƙo ne.

Wannan ne aka hana mutanen Agom. A ranar da aka tabbatar da mutuwarsa, gwamnati ta mai da dokar hana fita ta sa'a ashirin da huɗu a birnin Kaduna da Kasuwan Magani da Kajuru da Kateri da Kachia, don gudun kada fushi ya jawo ramuwar gayya. Ba wanda zai ce matakin ba shi da dalili, idan aka tuna abin da ya faru mako guda kafin nan. Amma sakamakonsa shi ne, a daidai sa'ar da al'ada ta ce kowa ya ɗauki sandarsa ya nufi gidan mamaci, sai aka ce kowa ya rufe ƙofarsa. Gawar tana asibitin Katolika na St. Gerard a Kakuri, Kaduna, masu makoki kuwa suna ɗakunansu suna sauraren rediyo. Dattijon da ya kamata a raka da kiɗa, sai ga shi an fara makokinsa da jiniyar motocin sintiri.

Ba iyalin sarki kaɗai abin ya shafa ba. Mutum 55 ɗin nan na Kasuwan Magani, da huɗun da suka faɗi a Maikyali suna bakin aikinsu, da waɗanda aka kashe a unguwannin Kaduna, da yawansu iyaye ne, wasu Musulmi wasu Kirista. Jaridu ba su buga tarihinsu ba. 'Ya'yansu ma sun yi makoki ƙarƙashin doka ɗaya, wasu ma a gidajen da ba nasu ba, don nasu sun ƙone. Idan sunan Agom ya fi fitowa, dalili shi ne mutuwarsa ta nuna wa kowa iyakar inda abin ya kai: in har za a iya ɗauke sarki mai daraja ta ɗaya da rakiyar ɗan sanda a kan babbar hanya, to manomi mai keke ba shi da abin dogara.

Ran Talata 30 ga Oktoba Shugaba Buhari ya zo Kaduna ya gana da sarakuna da shugabannin addini. Sai ran Asabar 10 ga Nuwamba aka samu yi wa Agom jana'iza a Kachia, da Mas irin na ɗariƙarsa ta Katolika, cikin tsaro mai tsanani, kwana goma sha biyar bayan an ga gawarsa. Jama'a sun taru ƙwarai, kuka kuma ya fi waƙa yawa.

GADON DA BA A CIKE BA

A al'adar sarauta, makokin sarki ba ya ƙarewa sai an naɗa magaji. Ranar da sabon sarki ya zauna a gadon, ranar ce ake cewa uba ya dawo, marayu su share hawaye. Ga Adara wannan rana ba ta zo yadda suka zata ba. Gwamnatin jihar ta riga ta ɗauki manufar sake wa masarautu suna, daga sunan ƙabila zuwa sunan gari. Hujjarta ita ce sarki na duk wanda ke zaune a ƙasarsa ne, ba na ƙabila ɗaya ba, kuma hujjar tana da nauyinta a jihar da kusan kowane gari ya tara jinsi iri-iri. Bisa wannan tsari aka mai da Masarautar Adara ta zama Masarautar Kachia, aka kuma fitar da gundumomin da ke cikin Kajuru daga ƙarƙashinta. Ƙungiyar Ci Gaban Adara ta ƙi amincewa, tana cewa an raba kan jama'arta ne, a lokacin da suke cikin jimami.

Ko da manufar tana da kyau a takarda, lokacin da ta sauka a kan wannan jama'a bai yi daɗi ba. Mutanen da aka kashe wa uba, sa'an nan suka ji an ce kujerarsa ma an sake mata suna, da wuya su ji bayanin da kunnen basira. Kuma abubuwan da suka biyo baya sun ƙara dagula lamarin. A watan Fabrairu na 2019 aka shiga kashe-kashe a ƙauyukan Kajuru tsakanin Adara da Fulani, kowane ɓangare ya binne nasa. Aka kama wasu dattawan Adara tara, har da shugaban ƙungiyar tasu, Awemi Dio Maisamari, aka tsare su fiye da wata uku kafin kotu ta sallame su a ƙarshen watan Mayu. Watau a watannin da aka fi bukatar wanda zai zaunar da mutane, sarki yana kabari, dattawa suna gidan yari.

Gwamnatin El-Rufa'i ta sake gina kasuwar Kasuwan Magani da rumfuna na bulo, motocin hatsi kuma suka ci gaba da lodi ran Alhamis. Sarkin da aka naɗa a Kachia daga baya, Agom Kachia aka kira shi. Har wannan gwamnati ta sauka a watan Mayu na 2023, ba a naɗa wani da sunan Agom Adara ba.