Kevin Durant: Minti 12 Cikin Fili, Jinyar Wata 18, Da Cinikin Da Ya Biyo Baya

Daga Wakilinmu

Ran 10 ga watan Yuni, 1919 ba ita ce ranar da masu sha'awar wasan ƙwallon kwando ke tunawa ba, shekara ɗari daidai bayanta ce, watau ran 10 ga watan Yuni, 2019. A daren wannan rana, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Kevin Durant na ƙungiyar Golden State Warriors ya zauna daɓas a gefen fili yana dafe da bayan ƙafarsa ta dama, saura kwana ashirin kacal ya sami 'yancin zaɓen ƙungiyar da zai yi wa wasa.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san yadda ake gudanar da gasar NBA ta Amurka. Ƙungiyoyi 30 ne a cikinta, kowace kuwa takan yi wasa 82 a kaka guda. Daga nan sai a ware 16 su shiga wasannin fid da gwani, inda ƙungiya biyu za su yi ta karawa har ɗaya ta ci wasa huɗu cikin bakwai. Kowane ɗan wasa yana da kwantiragi na wasu shekaru, idan wa'adin ya cika yakan zama mai 'yancin kansa, ya saurari tayin kowace ƙungiya. Ba a banza 'yan wasa suka sami wannan 'yanci ba. Sai da aka yi shari'a mai ɗauke da sunan Oscar Robertson, shugaban ƙungiyarsu ta ƙwadago, aka sasanta a 1976, cikakken 'yancin kuwa bai tabbata ba sai a 1988.

A kakar 2019, ba wanda ake ɗokin ganin inda zai nufa kamar Durant. Shekarunsa 30 a lokacin, tsawonsa ya kusa ƙafa bakwai, amma yana jefa ƙwallo daga nesa kamar ƙaramin ɗan wasa. Shi ne gwarzon gasar a 2014, kuma shi aka zaɓa gwarzon karon ƙarshe a 2017 da 2018, shekarun da Warriors ta ɗauki kofi a jere. Da aka shiga wasannin fid da gwani na 2019 sai ya ƙara wuta, ya ci wa ƙungiyarsa maki 45 a wasa ɗaya da Los Angeles Clippers, ya ci 50 a na gaba. A wasa 11 na farko, in an raba daidai, yana cin maki sama da 34 a kowane dare.

Ana cikin haka, ran 8 ga watan Mayu, suna wasa da Houston Rockets, ya ji ciwo a sha-raɓarsa ta dama, ya fita yana ɗingishi. Wasa tara aka yi ba shi. Abokansa suka ƙoƙarta har suka kai karon ƙarshe, amma a nan suka gamu da Toronto Raptors, ƙungiyar da Masai Ujiri, mutumin da ya tashi a Zariya, ke shugabanta a wancan lokaci. Raptors ta ci wasa uku, Warriors ta ci ɗaya, watau saura faɗuwa ɗaya kofi ya kuɓuce.

A nan fa gizo ke saƙar. In Durant ya ci gaba da jinya, zai isa kasuwa da ƙafar da ta kusa warkewa, amma surutu ya riga ya yi yawa a jaridu, wadansu na cewa ya fifita aljihunsa a kan ƙungiya. In kuwa ya koma fili, zai ɗora dukan nauyinsa a kan ƙafar da ta shafe wata guda ba ta yi gudun gasa ba. Likitoci suka duba shi, aka ba shi izini, shi kuma ya zaɓi ya shiga.

Cikin minti 12 ya ci maki 11, har magoya bayan Warriors suka fara sa rai. A farkon kashi na biyu na wasan, ya yunƙura zai wuce Serge Ibaka, sai agararsa ta dama ta tsinke. Wadansu 'yan kallo suka soma shewa, har sai da 'yan wasan Raptors da kansu suka yi musu alama da hannu su yi shiru. Warriors ta ci wannan wasa da maki 106 da 105. Bayan an tashi, Bob Myers, babban manajan ƙungiyar, ya tsaya gaban 'yan jarida yana hawaye, ya ce in dole ne a ɗora wa wani laifi, to, a ɗora masa. Ran 12 ga wata aka yi wa Durant tiyata a birnin New York, kashegari kuma Raptors ta ɗauki kofi da maki 114 da 110, karo na farko a tarihinta.

Agara ita ce jijiyar da ta haɗa naman sha-raɓa da ƙashin diddige, kuma da ita ɗan Adam ke tura jikinsa gaba in zai yi gudu ko tsalle. In ta tsinke, ko an ɗinke ta, naman ƙafar yakan rame a lokacin jinya, ƙarfin tsalle ya ragu. Shi ya sa 'yan ƙwallon kwando ke tsoron wannan rauni fiye da karaya. Kobe Bryant ya gamu da shi a 2013, bai ƙara komawa yadda yake ba. Dominique Wilkins, wanda tasa ta tsinke a 1992, yana cikin 'yan kaɗan da suka dawo da ƙarfinsu.

Duk da haka, Durant bai karɓi shekara ɗaya da ta rage masa zaɓi a Warriors ba, wadda kuɗinta ya kai dala miliyan 31.5. Ran 30 ga watan Yuni ya sanar da cewa zai koma Brooklyn Nets, a kan dala miliyan 164 na shekara huɗu. Nets ta sa hannu alhali ta san shekarar farko gaba ɗaya jinya zai yi, haka kuwa aka yi. Daga baya ya gaya wa 'yan jarida cewa bai ga laifin Warriors ba, shi ne ya so ya buga.

Kada mai karatu ya ɗauka haka kasuwar take yi wa kowa. A cikin waɗanda suka yi wasa tare da Durant a wannan shekara akwai DeMarcus Cousins, wanda sau huɗu ana zaɓensa cikin taurarin gasar. Agararsa ta tsinke a watan Janairu, 2018, watanni kaɗan kafin kwantiraginsa ya ƙare a New Orleans, kuma abin da ya samu a Warriors shi ne dala miliyan 5.3 na shekara ɗaya. Ga kuma Isaiah Thomas na Boston Celtics, wanda ya daure ya yi wasannin fid da gwani na 2017 da ciwo a ƙugu, har ya ci maki 53 a dare guda. Cikin watan Agusta na shekarar aka musanya shi zuwa Cleveland, a 2018 kuwa ya karɓi kimanin dala miliyan biyu a Denver. Dukansu ukun sun ji rauni suna bakin aiki, amma guda ɗaya ne kasuwa ta yafe wa, domin kuwa irinsa ba su da yawa a duniya.

Durant ya koma fili ran 22 ga watan Disamba, 2020, wata 18 bayan faɗuwarsa, kuma tsohuwar ƙungiyarsa ya fara karawa da ita. A wasannin fid da gwani na 2021 ya nuna cewa ƙafar ta warke, ya buga minti 48 cif da Milwaukee Bucks ba hutu, ya ci maki 49. A wasa na bakwai ya ci 48, ciki har da jifar da ya yi ana dab da tashi, wadda da ta ba Nets nasara in ba don bakin takalminsa ya taɓa layin maki uku ba. Aka lissafa masa biyu, aka yi ƙarin lokaci, Bucks ta yi galaba. A bazarar nan ya taimaki Amurka ta ci zinariya a wasannin Olamfik na Tokyo. Kofin da Nets ta saye shi dominsa kuwa bai zo ba, aka musanya shi zuwa Phoenix Suns a 2023, daga nan zuwa Houston Rockets a 2025.

Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki. Ƙungiya tana iya sayen wani ɗan wasa in wannan ya faɗi, amma ɗan wasa ƙafa biyu gare shi, da su yake ci, da su yake ciyar da iyalinsa. Ɗaliban da ke motsa jiki a filayen makarantu, da malaman da ke horar da su, ya kamata su auna labarin Cousins da na Thomas kafin su ce wa mai ciwo ya daure ya shiga fili.