Jami'ar Columbia da Maƙwabtanta na Harlem

Jami'ar Columbia tana kan tudu a birnin New York na Amurka, unguwar Harlem ta baƙar fata kuma tana gangare daga gabas. Tsakaninsu akwai filin shaƙatawa na Morningside, mallakar hukumar birni. A farkon 1968 jami'ar ta fara haƙa harsashin ɗakin wasanni a wannan fili, kuma tsarin ginin shi ya jawo rigima. Ɗalibai za su riƙa shiga ta babbar ƙofa a sama, mutanen unguwa kuwa an ware musu ɗan sashe da ƙofarsu daban a ƙasa. Jami'a ta ce yanayin gangaren ne ya sa haka. Mutanen da suka taso suna ganin ƙofar Turawa daban, ta baƙar fata daban, ba su karɓi wannan uzuri ba.

Ranar 23 ga Afrilu, makonni kaɗan bayan kisan Martin Luther King, ɗalibai masu adawa da ginin suka mamaye gine-ginen jami'ar. Ɗalibai baƙar fata suka riƙe Hamilton Hall su kaɗai, mutanen Harlem na kai musu abinci. Ranar 30 ga wata 'yan sanda suka kutsa, suka kama mutum kusan 700. Duk da haka an fasa ginin, ramin da aka haƙa daga baya aka mai da shi tafki.

Bayan shekara arba'in jami'ar ta sake buƙatar fili, eka 17 a Manhattanville da ke yammacin Harlem. Wannan karon ta zauna da wakilan unguwa, a 2009 aka ƙulla yarjejeniya mai ɗauke da asusun dala miliyan 76 domin ayyukan al'umma. Ci gaba ne, babu musu. Amma 'yan kasuwar da suka ƙi sayar da wurarensu, ikon gwamnatin jiha aka sa aka karɓe, babbar kotun jihar ta amince a 2010.

A ganina asusun agaji bai taɓa tushen matsalar ba. Jami'a ce ke zana taswira, sannan a kira maƙwabta a yi cinikin diyya, kuɗin hayar gidaje kuma na hawa yana korar talakan unguwa. Muddin mutanen Harlem ba su da ikon cewa a'a tun ana zanen, yarjejeniyar ba ta wuce diyya ba.